Gayyatar da Ba a Sa wa Rana Ba

Funtuwa zuwa Kano

Ladan bai yi kiran farko ba na kulle ɗakina, na miƙa wa maƙwabciyata makulli da amanar kajina, na shiga motar da za ta kai mu Kano. Mu bakwai ne daga unguwarmu za mu Umara ta hannun wani wakili. Shida lada kawai suka tafi nema, ni kuwa lada da faɗa. Gara in faɗa muku tun yanzu, 'yan ajinmu, tunda ku kuka ce in rubuto muku komai kar in rage.

Autana Nafi'u ya tafi Japan karatun injiniya, ya samu aiki ya zauna, ya auri malamar da ta koya masa yarensu. Musulma ce tun kafin su haɗu, sunanta Safiya. Sun haifi 'ya mace aka sa mata sunana, suna kiranta Ummi. Yanzu ta shiga shekara ta huɗu, a waya kawai nake ganinta, ita ma na tabbata ta ɗauka a cikin wayar nake kwana. Duk kiran da muka yi sai na ce wa uwar ta zo gida, gidanta ne, duk ran da ta ga dama ƙofa a buɗe take. Sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi ta ce na gode Inna. Shekara da shekaru na gode Inna, ƙafarta kuwa ba ta taka Funtuwa ba. Da Nafi'u ya ce za su zo Umara da ayarin masallacinsu, in zo mu haɗu a Makka, na ce to. Na ƙudurta a raina ba zan bar garin ba sai na ji daga bakinta abin da muka yi mata, kuma sai na san ran da jikata za ta kwana a ɗakina.

Mun yi asuba a Malumfashi. Gaba kaɗan aka tsayar da mu a shinge, wani ɗan sanda ya leƙo da tocila ya ce Hajiyoyi a sa mu a addu'a. Na ce zan roƙa masa aikin da ba na tsare tsofaffi da sassafe ba. Ya yi dariya ya ce amin, ya ɗaga mana itacen. A Gwarzo muka karya da koko da ƙosai, direba yana ta danna ham kamar jirgin nasa ne.

A filin jirgi aka buɗe jakata saboda warin daddawa. Na gaya wa yarinyar da ke bincike tsarabar yayata ce, in ta riƙe sai ta bi ni Makka ta yi mata bayani da kanta. Ta ƙara naɗe mini ita da leda biyu ta rufe jakar.

Jidda

Mun yi niyya a sama da aka sanar an kusa miƙati, muka sauka gab da magariba. A wurin duba fasfo na'urar ɗaukar yatsu ta ƙi karɓar babban yatsana. Balaraben ya goga, ya danna, ya sake gogawa. Na ce masa da Hausa ya yi haƙuri da shi, shekara arba'in ya yi yana dangwala tawada kafin in koyi sa hannu, ya gaji. Bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya ce halas, ya buga hatimi.

Bas ce ta kwashe mu, mai sanyi kamar firji, kowa ya duƙunƙune yana Labbaika. An tsaya a shingen shiga Makka aka leƙa takardunmu, muka wuce. Masaukinmu a Jarwal yake, tsohon bene, mu huɗu a ɗaki, da lif mai nishi kamar tsohuwa ta hau tudu. Wakili ya ce Harami nan kusa ne. Kusan nasa sai da ya sa na nemi man zafi.

Makka, haɗuwa

Bayan asuba muka haɗu a farfajiyar Harami. Nafi'u ya yi ƙiba, ya durƙusa har ƙasa cikin haraminsa. Safiya 'yar siririya ce, ta sunkuya ta ce, "Ina kwana Inna, an zo lafiya?" da Hausar da aka ga alamar ta kwana tana bita. Ummi ta ɓuya a bayan uwarta, ta leƙo ta dube ni, ta dubi wayar da ke hannun ubanta, ta sake duba na. Idona ya cika. Faɗan da na ɗauko kuwa dole na ajiye shi gefe, mai harami ba ya jayayya.

Muka yi ɗawafi muka yi Safa da Marwa. Kafin mu gama Ummi ta gaji, na kwance mayafina na goya ta, ba ta yi gardama ba. Safiya ta yi ta kallon ɗaurin goyon kamar za ta zana shi.

Nafi'u ya tafi wurin wanzami aski, sai ga Yaya Dije. 'Yar wan babana ce, ta zo Hajji tun ina goyon ɗana na biyu ba ta koma ba. A unguwar Nakkasa take zaune a da, da aka rushe unguwar ta dawo wani ɗaki a bayan Jarwal, tana dafa tuwo tana sayar wa alhazai, in Hajji ta zo ta tafi Arfa wankin tukwane. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka tafiyarta ma a gefen bango take yi. Hausarta rabi Larabci ce. Ta rungume ni, ta ce na tsufa, na ce ta duba madubi. Ta kama hannun Safiya da hannu biyu ta ce, "Ta'ali ya binti, gidana gidanku ne, kowane lokaci, ku zo ku ci tuwo."

Na juya wa Safiya maganar da ɗan Turancinmu na makarantar manya, sauran na cike da hannu. Safiya ta sunkuya ta ce ta gode, za su zo wata rana. Yaya ta matse mini hannu ta ce gobe bayan azahar za ta dafa. Ban ga dalilin maimaita wannan wa kowa ba. Dattijuwa ta ce ku zo, kun ce za ku zo, ai ko yaro ya san gobe ake nufi. Su otal ɗinsu daban ne, can kusa da Harami, muka rabu a nan.

Gidan Yaya Dije

Da hantsi na isa don in taya ta aiki. Ranar ba ta fitar da tuwon sayarwa ba. Ta yi tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, ta yi shinkafar Larabawa da kaji, ta soya sambusa, ta aro darduma wurin wata 'yar Maraɗi da ke ɗakin gaba, ta turara ɗaki har ina tari. Muka yi azahar muka zauna. Muka ƙara zama. Man miya ya fara daskarewa a sama.

Na kira Nafi'u. Ya ɗauka da fara'arsa ya ce Inna muna Arfa, ayarinsu ya fita ziyara, ga su a gindin dutse. Na tambaye shi abincin Yaya fa, ya ce wane abinci. Yaya da ke jin komai ta ce, "Arfa yanzu? Ba kowa can sai raƙuman ɗaukar hoto." Ta tashi ta rurrufe tukwane, ta zuba wa maƙwabta, ta nannaɗe dardumar mutane ta mayar. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki takalmina. Harami na riga na kwance shi tun jiya.

Otal ɗinsu, bayan la'asar

A falon ƙasa na same su, na sa Nafi'u a tsakiya na ce ya juya maganata yadda na faɗe ta, in ya sa mata sukari zan gane a fuskarta. Na ce an gayyace ta ta amsa, an dafa, ta tafi kallon raƙuma. Na ce ni ta saba yi mini haka, na haƙura, amma Yaya Dije kuɗin cefanenta na sati ta zuba a tukunya. Na ce in dai ƙyamar gidajenmu take yi ta faɗa a nan, gari mai tsarki, kowa ya huta.

Yana juyawa fuskarta na canzawa, har ta koma kamar takarda. Ta miƙe tsaye ta sunkuya, ta daɗe ba ta ɗago ba, mutane suna kallonmu. Sannan ta yi magana mai tsawo a hankali. Nafi'u ya ce wai ba ta san gayyata ce ba. A wurinsu ku zo mana wani lokaci kamar sai an jima ce, ana faɗa wa kowa wurin rabuwa, shi ma ya ce to wata rana, a wuce. Wanda ya ɗauke ta da gaske ya kwaso ƙafa ya je ya kunyata masu gida, don ba su shirya ba. Gayyatar gaskiya tana zuwa da rana da wuri da dalili.

Ya ƙara da cewa abin da ke damunta tun da aka yi auren shi ne ban taɓa gayyatarta gida ba.

"Ni?" na ce. "Ni da bakina ya bushe da ki zo, ki zo?"

"Ba ki taɓa sa rana ba, Inna," in ji Nafi'u.

Wai kuma ita ta gayyace ni, lokacin da aka haifi Ummi. Ta faɗi wata, ta faɗi sati, ta ce za su turo tikiti, na ce sai mu gani, akwai 'yan hidindimu. Ta ɗauka na ƙi ke nan, ta yi kuka ta rufe maganar. Na tuna ranar sarai. Na ce to wace surukar kirki ce za a kira sau ɗaya ta ɗauki jaka? Jira nake a sake roƙo na, na biyu, na uku, har ɗinki na kai wa tela. Ya ce a wurinsu in mutum ya kauce ka sake matsa masa, ka ci zarafinsa.

Na juya kan Nafi'u na tambaye shi amfaninsa, shi mai kunne biyu. Ya rantse ya yi wa kowaccenmu bayani ya gaji. Ni na ce yana kare matarsa, ita ta ce yana kare uwarsa. Wannan kam ban musa ba, na tuna na taɓa kashe masa waya a kai.

Har yau ni ban ga laifina ba, ku sani. Amma ni ɗaliba ce, kuma ba na jin kunyar aji. Na ce wa Safiya tunda aikinta ke nan, koyar da baƙi yarensu, gobe ta koya mini. A gidan Yaya za a yi darasin. Bayan azahar. Na faɗi ranar sau biyu.

Darasi

Ta zo da wani kwalin alewa da aka naɗe kamar za a kai gidan amarya, ta durƙusa gaban Yaya ta ba da haƙuri. Yaya ta ce mafi mushkila, wato ba damuwa, ta ɗaga ta, ta ajiye mata tire ɗin da mutum huɗu za su ci su rage.

Kafin a ci aka yi karatu. Yadda Malamarmu take haɗa mu biyu-biyu mu yi ciniki a aji, haka ita ma take yi wa ɗalibanta. Ta ce ba a faɗo wa mutum da gayyata. Da farko ka taɓa shi ka ji ko yana da sarari ran kaza. Sai ka faɗi abin da za a yi. Sannan ka tambaya ta yadda ka bar masa ƙofar fita, kimasen ka, wato ba za ki zo ba? Na ce a Funtuwa in uwa ta ce ba za ki zo ba, to da muciya a hannunta. Idan mutum yana so zai ce zehi, da murna ke nan. Idan ba ya so ba zai ce a'a ba. Zai ambaci ranar, ya ja iska ta haƙora, ya ce cotto, ya yi shiru. Wai ranar tana da ɗan… shi ke nan. Ɗan me? Ba a faɗa, ba a kuma tambaya. Kai mai gayyata kai za ka ɗauke masa nauyin, ka ce ba komai, sai wani lokaci.

Ta ce a nan ɗalibanta suka fi faɗuwa, ko su matsa wa mutane ko su faɗa musu gida. Ta dubi mijinta ta rufe baki. Ashe farkon zuwansa wani babban malaminsu ya ce masa ya zo gida wani lokaci, ran Lahadi ya yi wanka ya sa babbar riga ya ƙi karyawa, ya je ya danna musu ƙararrawa. Ya tarar da dattijon da gajeren wando yana ba shukoki ruwa. Shayi ya sha ya dawo da yunwarsa. Na ce ɗana ne, tarbiyyata ce, ba shi da laifi.

Aka haɗa ni da Yaya. Ita za ta gayyata, ni in kauce. Ta ce gobe ki zo ki ci abinci. Na karkata kai na ja iska na ce gobe, cotto. Aikinta kawai shi ne ta ce ba komai.

"Cotton me? Wallahil azim sai kin zo."

Aka sake, ta sake rantsewa. Karo na uku ta haɗa da kabarin kakanmu. Safiya ta yi dariya har da hawaye, ranar na fara jin muryar dariyarta. Malama Safiya ta kayar da Yaya a jarrabawa, Yaya ta ce ba ta karɓi sakamako ba, ita ma tana da aji. Ta zaunar da Safiya ta koya mata namu. In an ce bismillah ki ce alhamdu lillahi. A sake, ki ce kin ƙoshi. In aka yi na uku ki wanke hannu. In kuwa aka rantse, to magana ta ƙare, don in ba ki ci ba tsohuwa za ta yi kaffara a kanki. Tana gama bayani ta ce wallahi sai kin cinye wannan. Safiya ta dubi tire, ta dubi Nafi'u, shi kuma ya dubi silin. Da ƙyar ta sauko matakala.

A hanyar komawa masauki na gwada karatuna a kan wani mai sayar da sallaya da ya tare ni. Na karkata kai na ce masa yau, cotto. Ya ɗauka ragi nake nema, ya biyo ni har ƙofar lif. Wannan darasi ba ya ci a kasuwar Makka, na gaya muku don kar wata ta wahala.

Bankwana

Ranar tafiyarmu muka yi ɗawafin bankwana da sassafe. Bas ɗinmu za ta tashi kafin azahar, su kuma Madina za su wuce. Na aiki Nafi'u ya ɗebo mana zamzam can nesa, don wannan maganar ba na son tafinta. Muka zauna ni da Safiya inda ake hango Ka'aba, Ummi tana barci a tsakaninmu.

Na bi darasi daki-daki. Na ce Safiya, Babbar Sallah kina da sarari? Zan yanka rago, 'yan uwa za su taru, ina so su ga Ummi. Funtuwa, kimasen ka?

Ta karkata kai. Na ji iskar nan ta shiga ta haƙoranta.

"Babbar Sallah… cotto."

Ku da kuka san ni kun san abin da ya taso mini. Don me. Me ya fi Sallah. Na tsallako teku, na zauna a ajinki, na karya harshena. Rantsuwar Yaya ma tana nan a bakina a shirye, ga Ka'aba a gabana. Na damƙe carbina har ya shiga tafin hannuna. Na dubi yarinyar da ke barci, wadda ban san yaushe zan sake gani ba, na haɗiye duka. Na ce, "Ba komai. Sai wani lokaci." Muryata ba ta fita da kyau ba amma ta fita.

Ta dube ni. Sannan ta ciro waya ta buɗe kalanda ta matso har kafaɗarmu ta haɗu.

"Inna, Sallah akwai makaranta. Watan takwas, hutu. Sati uku." Ta nuna kanta, ta nuna Ummi. "Mu zo?"

"Zehi," na ce. Na share fuska da gefen mayafi. "Yanzu juya can ki ce wallahi."

Ta juya ta fuskanci Ka'aba ta ce wallahi, in sha Allah. Daidai nan Nafi'u ya iso da kofuna a hannu, ya ce Inna wannan ba ya cikin darasi. Na ce yana cikin na Yaya.

Yaya ta rako ni har bakin bas, tana ɓoye a bayan wata mota saboda 'yan sanda. Ta cusa mini dabino da turare, na ce jakata ta cika, ta rantse, na karɓa.

Gida

Jirginmu ya yi jinkiri a Jidda, muka wuni a kujera muna cin biskit. Kano muka sauka da safe, zamzam ɗin kowa ya fito sai nawa da ya zo daga ƙarshe a jiƙe. A hanya barci na yi ta yi, ban san an wuce shingaye ba. La'asar sakaliya muka shiga Funtuwa, yara suka yi ta ihun oyoyo, gida ya cika.

Washegari na buɗe ɗakin da ke kusa da nawa na ɗaga kai. Watan takwas tsakiyar damina ne, kwanon kuwa ana ganin sama ta cikinsa. Na aika aka kira kafinta, ya duba ya ce zai leƙo in sha Allah. Na ce wace rana. Ya ce haba Hajiya. Na tsaya a bakin ƙofa ban matsa ba sai da ya ce Talata.

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni da ƙafata. Na gode wa Yaya Dije da ta dafa sau biyu, da maƙwabciyata da na tarar kajina sun ƙaru ba su ragu ba, da Malamarmu da ta sa yau ni ce da alƙalami. Ku kuma 'yan ajinmu, ku ji da kyau. Asabar ɗin farko bayan sun sauka, bayan la'asar, a gidana, za a yi waina, ku zo ku ga surukata da takwarata. Ga rana, ga wuri, ga dalili. Wadda ta karkata mini kai ta ja iska, wallahi har gida zan biyo ta.